Yadda zaka zana sukuwar dawakin Maroko da fentin ruwa ba tare da takardarka ta koma kunu ba

Toh jama'a, tunda na ɗora zanen mahayan nan na Maroko mutane suke ta tambayata wai wane irin farin fenti na saka hayaƙin bindigar ya fito haka, har wani ya rantse min wai audiga na manna. Ba farin fenti a wajen ko ɗigo, takardar ce kawai na bari ban taɓa ba, kuma duk wannan dogon bayanin da zan yi a kan wannan abu ɗaya yake tafiya, ka san inda buroshinka ba zai je ba tun kafin ka jiƙa shi.

Amma bari mu fara da abin da ake zanawa ɗin, dan in baka gane wasan ba zanen zai fito kaman hawan sallah da aka sa wa kayan Larabawa. Su a can suna kiransa tbourida, daga kalmar baroud wato albarushi, Turawa kuma suka sa masa fantasiya, ana yinsa a Maroko da Aljeriya da wasu wuraren na Arewacin Afirka, kuma UNESCO ta saka na Maroko cikin al'adun duniya a 2021, kaman yadda ta saka hawan daba na Kano a 2024. Mahaya ne ke jeruwa a sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa, mutum 15 zuwa 25 kuma adadin mara ne ba cika ba saboda shugabansu da suke kira mukaddam yana tsakiya, ƙungiyar gaba ɗaya sunanta sorba. Zasu fara tahowa a hankali suna gaisuwa suna juya bindigogi, wannan shine hadda, sai kuma talka, a saki dawakai a guje su nufo ƴan kallo, mukaddam ya daka tsawa, kowa ya harba a lokaci guda yadda kunne zai ji kaman bindiga ɗaya ce ta tashi. In mutum ɗaya ya riga ko ya makara an ɓata wasan.

Mu nan mun san jahi, mun san ƴan bindiga da bindigar toka a gaban sarki, wanda ya taɓa zuwa Zariya hawan bariki ko hawan daushe ya san ƙarar da warin albarushin, manyanmu kuma har yau suna bada labarin hawan daban da aka yi a nan Kaduna a 1977 lokacin bikin al'adu na FESTAC. Sai dai idonmu ya saba da kallon doki ɗaya ɗaya, wannan jalalar ta waye, wancan alkyabbar ta fi, rawanin wane hakimi ne ya fi zama, kuma wannan sabo da ido ya yi shi ya fi cutar da ni lokacin da na fara, na zauna ina ƙirga adon sirdi na kowane doki sai zanen ya tsaya cik kaman hoton gidan biki. A tbourida sahun ne abin kallo da kuma harbin nan guda ɗaya. Doki biyu ko uku kawai zaka bawa haƙƙinsu, sauran su narke cikin ƙura.

Maganar kaya. Takarda ta fi fenti muhimmanci nesa ba kusa ba, in kuɗinka kaɗan ne ka zuba su a takarda. Nemi ta fentin ruwa mai nauyin giram 300, zaka ga an rubuta 300gsm a bangon, in ka samu ta audiga irin su Arches ko Fabriano ka more amma tsada kam akwai ta, ta talakawa ma tana yi in dai nauyin ya kai. Ni karon farko wani mai shagon kayan makaranta ne ya haɗa ni da farin kwali irin na aikin ƴan firamare yace ai duk ɗaya ne, wallahi ina sa ruwa ta kumbura ta yi tudu da kwari, kalar ta taru a kwarin ta bushe da baƙin baki, da na ƙara gogawa sai fuskar takardar ta fara murmushewa kaman tuwon jiya. Ba laifin hannuna bane amma sai da na yi wata biyu ina zaton ni ne ban iya ba.

Fenti ba sai da yawa ba. Ƙaramin akwatin fenti mai suna Cotman ya isa, ko ka sayi na matsawa, wato tub, ɗaya ɗaya. Kala biyar nake amfani dasu, shuɗin da aka rubuta Ultramarine, ruwan jar ƙasa mai suna Burnt Sienna, ruwan ɗorawa mai duhu Yellow Ochre, sai ja ɗaya da rawaya mai haske ɗaya. Baƙin da ke cikin akwatin ka manta da shi, shuɗin nan da jar ƙasar in ka haɗa su suna baka toka toka, ka ƙara shuɗi ya yi sanyi, ka ƙara jar ƙasa ya yi ɗumi, ka rage ruwa ya kusa zama baƙi, da su biyun nake yin hayaƙi da inuwar kaya da baƙin doki duka. Buroshi uku, babba mai faɗi na jiƙa takarda, mai tsini lamba 8 ko 10, da ɗan siriri. Sai gwangwanin madara biyu na ruwa, ɗaya na wanki ɗaya mai tsafta, farin farantin tangaran na haɗa kala, tishu, tsohon buroshin goge baki, guntun kyandir, reza, da tef ɗin takarda da zaka manna gefe huɗun a jikin falanki.

Kafin ka taɓa babbar takarda ka shiga YouTube ka rubuta tbourida, zaka ga na bikin dawakai na garin El Jadida da ake yi tun 2008 da na gasar kofin Hassan na biyu a Dar Es Salam ta Rabat, da na bukukuwan da suke kira musim a garuruwa. Ka riƙa tsayar da bidiyon kana zana abin da ka gani cikin minti ɗaya da biro a tsohon littafi, ashirin talatin, kar ka gyara ko ɗaya. Haka wani mai zanen Faransa Delacroix ya yi da ya je Maroko a 1832, ƙananan littattafai ya cika da zanen gaggawa yana ɗan shafa musu fentin ruwa, daga baya ya yi manyan a gida. Ka duba kuma aikin mai zane Hassan El Glaoui, ɗan Marrakesh da ya rasu a 2018, shi kam rayuwarsa ya ƙarar a kan dawakai da wannan wasan, ka lura da yadda ƙafafun dawakinsa suke ƴan layuka kawai amma kana jin gudun. Kallo zaka yi ka koya, banda kwafa, haka hoton wani mai kyamara kar ka ɗauka ka juye shi ka sayar.

Ƙafafun doki anan ake jin kunya. Akwai wani dattijo mai kula da dawakai da nake zuwa wajensa in zauna in yi zane, ranar na nuna masa wani da nake ji da shi, doki ya miƙe ƙafafun gaba gaba na baya baya duk a sama kaman yana tsallake rafi, ya karɓa ya nisanta shi da idonsa yace “yaro wannan dokin naka in ya sauka karyewa zai yi.” Nace Baba ai gudu yake, yace gudun wa, je ka duba. Gaskiyarsa ne kuwa, a sukuwa lokacin da ƙafa huɗu suke barin ƙasa a dunƙule suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba, Turawa ma sun daɗe suna zana shi a miƙe sai da wani mai ɗaukar hoto Muybridge ya ɗauki jerin hotunan doki a guje a 1878 aka gani. Dan haka ko dai ka yi su a dunƙule, ko ka bar ƙafa ɗaya tana dukan ƙasa. Sannan dokin da suke hawa yawanci irin da ake kira Barb ne ko ruwa biyu na Barb da na Larabawa, gajeren baya, faffaɗan ƙirji, fuska a miƙe ko ta ɗan yi doro, wutsiya a ƙasa ƙasa, in ka kalle shi zai tuna maka dawakinmu na nan, kar ka yi masa lotsattsiyar fuskar dokin Larabawa na kalanda.

Yanzu zanen fensir. Mafi sauƙi ga mai koyo shine sahun yana tahowa ta ɗan gefe, na kusa babba na nesa suna ƙanƙancewa, fuskantar kai tsaye ta fi ban tsoro amma tana da wuya saboda ƙirji da kai kawai ake gani. Ja layi ɗaya mara nauyi inda kawunan mahaya zasu zauna, wani inda ƙirjin dawakai zai zauna, sai ka jera su kaman ƙwai ƙwai, bakwai ko tara sun isa sauran a ɗauka suna cikin hayaƙi. Kar tazararsu ta zama daidai wa daida kaman haƙoran mataji, wani ya ɗan shige gaba, wani kan dokinsa ya ɗago wani ya sunkuya. Bindigogin nan dogaye ne sirara, wasu ƙungiyoyin sama suke harbawa wasu ƙasa, ka zaɓi ɗaya dukansu su bi. Daga nan ka zagaye da fensir a hankali wuraren da zasu zauna fari, wato cikin hayaƙin, rawuna, kafaɗun jallabiyoyi ta ɓangaren rana, da farin doki in akwai. Ka yanke daga ina rana take ka sa ɗan kibiya a kan tef ɗin dan kar ka manta, ni ina mantawa. Bakin bindiga inda wuta zata fito ka goga kyandir kaɗan, duk inda kakin ya taɓa ruwa ba zai kama ba har abada, saboda haka kaɗan ɗin nake nufi.

Zubin farko shine mai tada hankali kuma minti uku zuwa biyar ne kawai. Haɗa kalolinka a faranti tun kafin ka jiƙa takarda, ruwa ruwa kaman shayin da ba madara, ɗorawa da ɗan jar ƙasa na ƙura, toka toka na hayaƙi, shuɗi mai rauni na sama. Kashe fanka. Jiƙa takardar da ruwa mai tsafta banda wuraren da ka zagaye na mahaya, jira sheƙin ruwan ya ɗan ragu, sai ka sa shuɗi a saman can, ka sauko da toka kana zagaye farin hayaƙin kana barin bakinsa ya bazu da kansa, ƙasa kuma ka zuba kalar ƙura ta hau har gwiwar dawakai. Hayaƙi ba a ganinsa sai da abu mai duhu a bayansa, dan haka gefensa na sama ko inda ya ratsa bayan mahaya ka ƙara toka mai ɗan kauri. In wani waje ya cushe ka dunƙule tishu ka dangwala sau ɗaya ka ɗaga, banda gogawa. Daga nan ka ajiye buroshi ka tashi daga wajen gaba ɗaya, je ka sha ruwa ka duba waya, dan hannu ƙaiƙayi yake, kuma in ka koma da buroshi mai ruwa kan takardar da ta fara shan iska sai ta yi maka wani tambari kaman fitsarin yaro a katifa.

Yanayin garin nan ma sai ka yi lissafi da shi. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, kafin ka gama jiƙa ƙasan takarda saman ya bushe, dole ka jiƙa sau biyu ko ka jiƙa bayanta ma, kuma ka yi aiki da sassafe. A watan Agusta kuwa sai ka yi sallar azahar ka dawo bata bushe ba. Ka taɓa da bayan yatsa, in da sanyi da saura. Kuma fentin ruwa in ya bushe yana yin haske fiye da yadda ka gan shi a jiƙe, abin da ka ga kaman ya yi yawa shine daidai. Da dare a ƙarƙashin jan ƙwan lantarki kar ka haɗa kala, da safe zaka ga abin da baka sani ba.

Zubi na biyu dawakai, a kan busasshiyar takarda, kalar ta kai kaurin madara. Fara da wanda ya fi kusa. Aharas jar ƙasa ce da ɗan ja, tun tana jiƙe ka ɗiga haɗin shuɗi a ƙarƙashin wuya da ciki da tsakanin ƙafafu ka bari su haɗu da kansu, ka bar ɗan fari a kafaɗa da gindi inda gumi ke ƙyalli. Akawal, wato baƙin doki, kar ka yi shi baƙi ƙirin, shuɗi da jar ƙasa masu kauri, ta ɓangaren rana ka bar shuɗin ya fi yawa. Kili kuwa, farin doki, kusan ba a zana shi, inuwarsa kawai zaka sa sannan ka matso da baƙin doki kusa da shi ya fito da shi, shi yasa nake jera su fari kusa da baƙi da gangan. Ƙafafu ka ja su da bugu ɗaya ɗaya daga sama zuwa gwiwa, sai ka wanke buroshi ka matse ka shafi ƙarshen su ɓace cikin ƙura. Kofato biyu ko uku a duk zanen sun isa. Dawakan nesa kuwa tabo ne kawai mai kunne, kala ɗaya mai rauni, kar ka tsaya yi musu ido.

Mahayan yawanci fararen kaya ne ko masu ruwan madara, jallabiya da rawani da mayafi mai tashi a baya, ƙungiya ɗaya shiga ɗaya, suna rataye ƴar jaka mai ƙaramin Alƙur'ani da wuƙa ko takobi. Farin kaya inuwarsa shuɗi shuɗi ce da ɗigon ja a ciki, ta ƙasa kuma inda hasken ƙasa ke dawowa ka sa ɗan ɗorawa, lanƙwasa biyu ko uku a kowace riga ka tsaya, irin yadda babbar riga mai sitati take karyewa a kafaɗa ranar juma'a, ka kalli ta liman zaka gane. Fuska ɗigon jar ƙasa ne ƙarƙashin rawani, bana sa ido ko hanci dan daga nesa cikin ƙura ba wanda ke ganinsu. Masu tambayata hukuncin zana abu mai rai, wannan ku kai wa malamai, ni dai na faɗi yadda nake yi.

Ja shine gishirin zanen, sirdinsu da abin ƙirji da na goshin doki suna shan ado ja da ruwan zinare, wasu kore. Ka sa shi da kauri a dawakai biyun gaba, na uku ka rage, sauran ɗan alama. Na taɓa sa wa duka tara ja iri ɗaya, sai ido ya rasa inda zai sauka zanen ya koma kaman shanyar barkono. Adon zinaren kuwa ɗige ɗigen ɗorawa mai kauri ne bayan jan ya bushe, kar ka ce zaka fitar da saƙar.

Bindiga da siririn buroshi hannu na rawa take fitowa kaman igiya. Abin da nake yi, tsohon katin ATM nake yankawa in shafa wa bakinsa kala mai duhu in dangwala a takarda, layi ɗaya miƙaƙƙe, in ya ɗan yanke a tsakiya ma ya fi kyau. Kowace ta ɗan bambanta da ƴar uwarta a karkata amma duk su nufi waje ɗaya. Wutar bakin bindiga rawaya ce da ɗan ja a gefe, ƙarama, a kewayen wajen da ka goga kyandir, kuma ba kowace bindiga zaka sa wa ba, uku ko huɗu, sauran hayaƙi ya rufe su. In hayaƙin ya kasa cin wani mahayi ka jiƙa wajen da ruwa mai tsafta ka ƙirga goma ka ɗauke da tishu, rabin jikinsa zai dushe ya shiga ciki, anan takardar audiga take nuna kuɗinta dan ita tana jure wannan, mai arha sau ɗaya zata yarda.

Saura ƙasar da kofato ke watsawa. Rufe sama da mahayan da tsohuwar jarida, tsoma buroshin goge baki a jar ƙasa, ka ja gashinsa da babban yatsa ya fantsama a ƙasan dawakai, gwada a wata takarda tukuna dan na farko manyan ɗigo yake zubarwa. Inuwar sahun a ƙasa bugu ɗaya ce mai tsawo da toka, a karye a wasu wuraren, ita ke ɗaure dawakan da ƙasa in ba haka ba shawagi zasu yi. In komai ya bushe ƙayau ka ɗauki reza ka ɗan kankare haske a kan bindiga ɗaya ko biyu da linzami, kaɗan kaɗan.

Ka jingina shi da bango ka koma bakin ƙofa ka kalla, ko ka ɗauke shi a waya ka mai da hoton baƙi da fari, in mafi haske da mafi duhu suna kusa da mukaddam da hayaƙin toh ya yi, in kuma ko'ina toka ne ka ƙara duhu a doki ɗaya na kusa da farin, shi kaɗai. Tef kuma a hankali ake cire shi ana jansa waje ba ciki ba, in ya kama sosai ka ɗan hura masa iskar diraya ko ka ajiye a rana minti biyu. Wajen masu firem kace su sa kwali tsakanin gilashi da zanen kar su haɗu, kuma kar a rataye shi a bangon da ke jan ruwa da damina, nawa na farko da ya yi kyau haka ya yi, bangon ɗakina na gabas ya sa masa ɗige ɗigen funfuna a daidai cikin farin hayaƙin.